Tafireta Ba Ta da 'Yar Fari

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini mana, ku ce ta zo mu ji ta, ko a zuci ne, tunda takarda ce tsakanina da ku. Sai dai wannan ba irin wadda muke yi wa jikoki a tsakar gida ba ce. Mai labarin tana nan da ranta a Kusfa, cikin birnin Zazzau, jiya ma na gan ta tana yi wa mai kayan miya faɗa a kan ruɓaɓɓen tattasai. Sunanta Malama Mariyamu, amma in ka shigo lungunmu ka ambaci wannan suna za a tsaya ana kallonka. Ka ce Mariyamu Sakatare, nan take za a nuna maka ƙofa.

Har zuwa kwanan nan, kullum bayan ta idar da sallar asuba ta sha kokonta, sai ta jawo tafiretarta daga ƙarƙashin gado. Ta goge ta da wani tsohon kallabi, ta ɗiga mata man keke, ta hure ƙurar da ke tsakanin haruffa, sannan ta naɗe ta a zane ta ɗora a ka kamar mai tallan fura. Lungunanmu ba sa ɗaukar mota, don haka da ƙafa take bi. Tun tana budurwa take buga takardu a wani ofishin gwamnati, har ta yi ritaya. Da aka kawo musu kwamfuta za a jefar da tsoffin tafiretoci, ita ta roƙi ɗaya ta taho da ita gida. Ta ce wannan ba ruwanta da ɗauke wuta.

To me take yi da ita? Ku da kuke waje ba lallai ku gane ba. Maza suna da masu rubuta musu wasiƙa a bakin kotu da bakin kasuwa. Mu matan cikin gida fa? Macen da mijinta ya rasu tana neman lauya ya duba mata takardar gida, ko wadda ɗanta ba ya ji sosai tana son babban likita ya gan shi, ba za ta je ta zauna gaban wani ƙato a bakin titi ta zazzage masa cikinta ba. Mariyamu ce take shiga inda namiji ba ya shiga. Ta yi sallama, ta sauke kayanta a kan turmi ko kujerar tsugunno, ta ce, "To, ina jin ki."

Kuma tana ji ɗin. Za ta bar ki ki faro tun daga ranar da aka kai ki ɗaki, ki yi kuka, ki share, ki zagi wanda za ki zaga. Ba ta taɓa harafi ko ɗaya. Sai kin gama kin yi ajiyar zuciya, sai ta jefo tambayarta, wadda duk matan Kusfa sun haddace:

"Na ji. Yanzu me kike so mutumin nan ya yi ranar Litinin da safe?"

Nan ake yin ta. Wata ta ce, "Ya taimake ni mana." Mariyamu ta ce, "Da me? Ya ɗauke ki a baya? Mutumin nan takardu sun cika masa tebur. In ba ki faɗa masa abin da zai yi ba, tausayinki zai ji, ya ajiye takardar, ya tafi cin abinci." Ba za ta buga ba sai kin iya faɗin buƙatarki a numfashi ɗaya. Gaisuwa layi guda ce a wurinta. Sai ko ke wace ce, sai abin da ya faru, sai abin da kike nema, sai abin da ke ma za ki iya yi da hannunki. Akwai kuma kalmomin da ta haramta wa tafiretarta. Ba ta buga "mu talakawa ne marasa galihu". Ta ce wanda ya je neman ilimin mai ilimi ba bara ya je ba.

Ba kowace wasiƙa ake amsawa ba, kada in yi muku ƙarya. Akwai wata ta fansho da ta buga wa maƙwabciyata, ta sake bugawa, ta kuma bugawa, har matar ta koma ga Allah ba a ce komai ba. Ranar Mariyamu ba ta fita ba. Washegari kuwa sai ga ta da kaya a ka.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro, ni da na koyi rubutu da furfura a kaina, shi ne abin da na gani da idona a bazarar bara.

A gidan marigayi Malam Sharfaddeen akwai wani tsohon soro na ƙasa, mai rufin azara, da baka biyu da suka haɗu a tsakiya. A nan malam ya karantar har ya rasu. Bayansa matarsa, Hajiya Sailuba, ta mayar da shi makarantar matan aure. Da hantsi a yi Alƙur'ani da Ahalari, da la'asar a yi boko. A cikinsa na fara rubuta sunana, Jummai, har na juya harafin farkon baya aka yi mini dariya. Soron nan shi ne wurin da matan unguwa suke da shi, ba wani.

Sai ya tsage. Daga kusurwar gabas tsagar ta faro, ta gangaro kamar jijiya, har mutum yana iya zura yatsa. Ƙasa ta fara zubo mana a kan alluna. Alhaji Hamisu, ƙanin marigayi, wanda yake riƙe da gidan yanzu, ya zo ya duba ya girgiza kai. Ya ce, "Yaya Sailuba, ba zan zauna ginin nan ya faɗo a kan matan mutane ba. In ba a samu wanda ya san kan gini ya ce mini zai tsaya ba, kafin ruwan farko zan sa a rushe shi." Ba mugunta ba ce, gaskiyarsa ce. Mun kuma san in aka rushe ba mai sake ginawa. Ga zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma.

Abin dariya, abin kuka, wanda ya san kan gini yana cikin gidan. 'Yar Hajiya Sailuba ta fari, Su'ad, injiniyar gine-gine ce, tana da ofishinta a unguwar Kongo a nan Zariya, har daga wasu garuruwa ake kiran ta gyaran tsoffin gine-ginen ƙasa. To amma 'yar fari ce. Ku yaran yanzu kuna rungume 'ya'yanku na fari kuna ɗaukar hoto, ba ku san yadda aka yi mu ba. Sailuba ba ta taɓa kiran sunan yarinyar nan ba. Tun da aka yaye ta gwaggonta ta ɗauke ta zuwa Tudun Wada, can ta girma. In za ta ambace ta sai ta ce "ta wajen Gwaggo". In Su'ad ta zo gaisuwa, uwar ta kau da kai ta amsa a taƙaice, ta shiga neman abin da bai ɓata ba a cikin kwalla. Ita ma Su'ad ta taɓa cewa za ta gyara gidan, uwar ta yi shiru don kunya, ita kuwa ta ɗauka an ƙi ne. Daga ranar ba ta sake sa baki a ginin gidan ubanta ba. Da soron ya tsage, Sailuba ta rataya tabarma a kan tsagar, don kada ma a gani.

Muka ce, "Hajiya, ki gaya mata mana." Ta ce, "Ni? In buɗe baki in roƙi ta wajen Gwaggo? Ku rufa mini asiri." Alhaji Hamisu kuma ya ce shi ba zai tsallake uwa ya je wurin 'ya ba. Da kyar ta yarda ta aike ni da Hajara, wata ɗalibar makarantar, amma da sharaɗi: kada mu ce ita ta turo mu, kada mu roƙi komai. Mu dai je mu gaishe ta, mai hankali ce, za ta gane.

Muka ci ado muka je Kongo. Su'ad ta karɓe mu hannu bibbiyu, ta sa aka kawo lemo mai sanyi. Muka gaishe ta, muka gaida maigidanta, muka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, muka yi mata ban gajiyar aiki, muka koma kan zafin gari. Can Hajara ta yi gyaran murya ta ce, "Gidaje dai na ƙasa sai haƙuri bana." Su'ad ta ce, "Wallahi kuwa, Allah ya kawo damina lafiya." Muka ce amin. Muka shanye lemo muka taso. Ta rako mu har bakin titi tana godiyar zumunci.

Da Mariyamu ta ji wannan labari, dariya ta yi har tana riƙe ciki. Ta ce, "Jummai, kun je ofishin injiniya kun yi mata barka da zafi! Allah ya shirye ku." Washegari da hantsi sai ga ta a soron, ta sauke tafireta a ƙarƙashin tsagar, ta yaye tabarmar ta jefar gefe. Ita da Sailuba tare suka yi wasan 'yar tsana, don haka ba ta jin nauyinta.

Ta ce, "Sailuba, zauna. Wasiƙa za mu rubuta."

"Wa za a rubuta wa?"

"Injiniya."

Sailuba ta ja mayafi ta ce, "Mairo, kin san ba zan iya ba. Uwa ba ta..."

"Wa ya ce uwa? Ni ban ga uwa a nan ba. Shugabar makaranta na gani, gininta ya tsage, tana neman ma'aikaciya. Ko makarantar ma ita ta haife ta?"

Mata suka fara ƙunshe dariya. Sailuba ta ce, "To sunan fa? Ai sai an sa suna."

"Ba ke za ki faɗa ba, tafireta ce za ta faɗa. Ita ba ta da 'yar fari."

Sai ta zura takarda, ta buga adireshi da kwanan wata, kwas kwas kwas, ta tsaya. Ta yi tambayar Litinin da safe. Sailuba ta yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ta ce, "Ta zo ta duba, ta faɗa wa Alhaji ko zai tsaya ko ba zai tsaya ba. In zai gyaru ta nuna yadda za a yi." Mariyamu ta ce, "Madalla, kin ga ba ki mutu ba. Ku kuma me za ku yi?" Muka ce ɗiban ruwa da kwaɓa ƙasa da abincin magina duk namu ne. Ta buga.

Sannan ta ɗaga hannu daga kan haruffa ta ce, "Saura ɗaya. Me ya sa ita? Injiniyoyi sun cika Zariya. Wasiƙar neman ƙwararre dole ta faɗa masa dalilin da ya sa aka zaɓe shi, in ba haka ba zai ɗauka kowa ma aka samu shi ke nan."

Sailuba ta ce, "Ki rubuta don tana kusa."

"Ba na buga ƙarya. Akwai wanda ya fi ta kusa."

Ƙasa tana ta zubowa daga tsagar kaɗan-kaɗan. Sailuba tana kallon tabarma. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Akwai wani tsohon zaure da ta gyara a hanyar Ƙofar Gayan. Kowa ya ce sai rushewa. Na je na gani."

Hajara ta ce, "Hajiya! Yaushe?"

"Ranar da na ce muku zan je dubiya. Na tsaya na shafa bangon. Aikin ya yi kyau. Irin hannun babanta ne, ba ta gaggawa."

Mariyamu ta sunkuya ta buga. Da ta gama ta karanta mana da ƙarfi, kamar yadda take yi wa kowa kafin a sa hannu. Da Hausa ta buga ta, don mai ita ta san abin da ta sa wa hannu. Na roƙi kwafin, ga abin da ke ciki bayan adireshi:

"Zuwa ga Injiniya Su'ad Sharfaddeen. Neman duba ginin makaranta. Assalamu alaikum. Ni ce shugabar makarantar matan aure da ke soron marigayi Malam Sharfaddeen a Kusfa. Bangon soron ya tsage daga kusurwar gabas, kuma maigidan ya yanke shawarar rushe shi kafin ruwan farko in ba a tabbatar masa zai tsaya ba. Muna roƙon ki zo ki duba shi, ki ba mu shawara a rubuce. Mun zaɓe ki ne domin na ga aikin da kika yi a zauren hanyar Ƙofar Gayan da idona, na kuma gamsu da shi. Ɗalibai za su ɗauki nauyin ruwa da ƙasa da abincin ma'aikata. Muna jiran amsarki. Na gode."

Lokacin da aka zo kan sunan, Sailuba ta rufe fuska da mayafi. Amma da aka miƙa mata biro, da hannunta ta rubuta nata sunan a ƙasa, harafi bayan harafi.

Mariyamu da kanta ta kai wasiƙar. Ta ba mu labari cewa Su'ad ta karanta a tsaye, ta zauna ta sake karantawa, sannan ta ce, "Anti, ita ta ce a sa wannan layin? Na zauren?" Mariyamu ta ce, "Ni bugawa kawai nake yi, 'yar nan." Su'ad ta shiga ban ɗaki ta daɗe. Da ta fito ta zauna gaban kwamfuta ta buga amsa irin ta ofis, ta sa a ambulan: za ta zo ranar Litinin da safe.

Ta kuwa zo, da hular kwano a kan mayafi, da igiyar awo da tocila, tare da wani dattijon magini, Malam Bahago, wanda suke aiki tare. Ta tsaya a bakin soro ta ce, "Salamu alaikum. Shugabar makaranta nake nema."

Muka zuba wa Sailuba ido. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ta ce, "Sannu da zuwa, Injiniya. Ga wurin nan."

Jama'a, ranar suka yi maganar da ba su taɓa yi ba tun da aka haifi yarinyar. "Shugaba, yaushe tsagar ta fara?" "Injiniya, tun bayan da aka yi wa bayan bangon siminti." "Wannan zanen na saman baka fa?" "Malam ne ya yi da hannunsa, shekarar da aka haifi... shekarar da aka yi babban ruwa." Su'ad ta hau tsani ta haska azara, Malam Bahago ya zagaya baya yana ƙwanƙwasa bango. Suka gano indararo ne ya karye, ruwa yana bi ta bayan simintin yana jiƙa ƙasar, azarar kusurwa kuma ta ruɓe. Su'ad ta ce wa Alhaji Hamisu, "Baba, zai tsaya. Amma daga yau ba mai zama a ciki sai an tokare shi, kuma kusurwar nan dole a sauke ta a sake." Alhaji ya ce, "In kin rubuta kin sa hannu, na janye." Ta rubuta.

An sha aiki. Muka koma karatu a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, muna ɗiban ruwa muna tilawa. Ruwan farko ya sauko ana tsakiyar gyara, muka kwana da fargaba, da safe muka tarar tokaran sun riƙe. Wani ɓangare na zanen malam ya tafi tare da kusurwar, ba yadda aka iya. Sailuba ta tsinci ɓallin da ya faɗo ta miƙa wa Su'ad ta ce, "Injiniya, ki ajiye wannan a ofishinki."

Mariyamu, yanzu da ke nake. Ke ce kika shiga ɗakunan da ba mai jin muryar masu su, kika fito da maganarsu a miƙe a kan farar takarda. Ke ce kika koya mana cewa neman taimako ba zubar da mutunci ba ne, in ka san abin da kake nema. Ba ki yi wa al'adarmu dariya ba, ba ki ce Sailuba ta daina kunya ba. Ƙofa kika nemo mata wadda za ta bi da kunyarta a jikinta. Sakataren marasa ofis, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sa abin da yatsun nan suka buga ya zama shaida a gare ki ranar gobe.

Na ce yatsu, don su ne suka gaza. Sanyin ƙashi ya kama su, a watan jiya ta sanar cewa ta daina yawo da tafireta. Ku 'yan mata da samari masu ilimi, kowannenku yana da waya a hannu wadda ta fi tafireta gudu. A lungunku akwai tsohuwar da ke da buƙata a wurin likita ko lauya ko injiniya, ba ta san ta inda za ta fara ba. Ku je ku zauna, ku bar ta ta gama kukanta, sannan ku tambaye ta abin da take so a yi ranar Litinin da safe.

Ƙurunƙus, nan tawa ta tsaya. Soron yana nan tsaye, ya ci damina guda ko ɗigo bai yi ba. Alhaji Hamisu ya sa an yi masa sabon indararo. Malam Bahago ya samu aikin gidaje biyu a lungunmu. Hajara ta shiga ajin gaba. Mariyamu tana zuwa soron duk ranar Alhamis tana koya wa mata tsara wasiƙa, tafiretar kuma tana kan wani ɗan tebur a kusurwar gabas. Su'ad tana zuwa duk Juma'a duba bango, ko da yake bangon lafiyarsa ƙalau. Hajiya Sailuba har yau ba ta kira sunanta ba. Injiniya take ce mata, kuma tana kiran ta sau da yawa.